Igiyar Gitar da Na Hana Lawali

Kun sha tambayata, ke Nana da kai Sanusi, abin da ya shiga tsakanina da ƙaramin babanku Lawali, har kuka girma ba ku san hanyar gidansa ba, alhali garin Sarkin Hausa, inda yake zaune, ba bangon duniya ba ne. Ni kuma na sha ba ku amsar da ta fi mini sauƙi, cewa mutum ne mai saurin fushi. Wasu a dangi sun ce muku gona ce, wasu sun ce mace. Babu gona, babu mace. Igiyar gita ce, baƙa, mai tsawon gaba uku, irin wadda ake sakawa daga gita zuwa ampili don sauti ya fita. Yanzu mahaifiyarku ta riga mu gidan gaskiya, ku kuma kowa ya kama gabansa, ke a Yamai, kai a Maraɗi. Gidan nan na Tasawa ya yi mini faɗi. Ina dafa shayi mutum ɗaya, in sha mutum ɗaya, abokin hirata rediyo ne, shi ma nasa kawai yake faɗa. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku gaskiyar maganar tun idona yana gane layin takarda.

A wani ƙauye kusa da Baudeta aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ne ɗan fari, Lawali yana bina da shekara biyar. Rijiyar garinmu mai zurfi ce ƙwarai, in ka jefa guga sai ka gama gaisawa da mutum kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ba kowane gida ke da igiyar da za ta kai ƙasa ba, saboda haka aka taso da doka wadda ba a rubuta ba: ba a hana aron igiya. Ko kun yi faɗa da mutum da safe, in ya aiko da rana yana neman igiya, sai ka ba shi, faɗan ya jira. A bakin rijiyar nan muka koyi naɗe igiya kamar yadda kowane ɗan manomi ke yi, ka riƙe bakinta a tafin hannu, ka dinga kewaya ta a gwiwar hannu da sauri, ka ɗaure tsakiyarta tam, ka rataya a kafaɗa. Ku riƙe wannan, don shi ne asalin rigimar.

Gitarmu ta fari gwangwanin mai ce da wayar birkin keke. Ni na fara, Lawali ya kwaikwaya, kafin damina biyu ya wuce ni. Ban taɓa faɗar haka da bakina ba sai yau: Lawali ya fi ni hannu. Ni ina kaɗa abin da na koya daidai, ba ragi ba ƙari, ina tsaye wuri ɗaya kamar turke. Shi kuwa in ya rataya gita ba ya iya tsayuwa, sai ya taka, ya juya, ya nufi wajen mata yana kaɗawa, tsofaffi su yi ta guɗa. Da muka dawo Tasawa muka samu gitoci na gaske da ampili mai aiki da batir, babu bikin da ake yi daga nan har Mayahi ba a neme mu ba. Daga la'asar zuwa magariba muke kiɗa, in an kira salla mu tattara kaya. Mutane suna cewa 'ya'yan gida ɗaya sun zo, amma na lura idanunsu a kan ƙaramin suke.

Babban abin da ke ba makaɗin gita kunya a wancan lokaci shi ne igiya. Waɗanda ake sayarwa a kasuwa ga su da ƙyalli, ja da kore, amma wata biyu sun yi yawa sai su fara tsaki a cikin ampili, ka ji ƙirrr a tsakiyar waƙa, ko sautin ya ɗauke gaba ɗaya ka tsaya kana kaɗa iska. Araha ba ta ado. Wanda ya fitar da ni daga wannan wahala wani dattijo ne mai gyaran rediyo a bayan tasha, Malam Sha'aibu, Allah ya ji ƙansa. Ran da na kai masa igiya ta huɗu da ta mutu, sai ya sa wuƙa ya tsaga ta a gabana, ya nuna mini cikinta.

"Duba nan, Isuhu. Zare nawa ka gani? Wagga ba igiya ba ce, gashin jariri ne. Ta ƙwarai, in ka ɗauke ta za ka ji nauyi ga hannunka. Cikinta akwai jan ƙarhe saƙaƙƙe kamar tabarma, shi ne ke tare tsaki. Kanta kuma ya zama na ƙarhe mai warwarewa, in ta tsinke a buɗe a sa dalma. Wadda anka narke kanta da roba, ranar da ta mutu ta mutu ke nan."

Ya ce kada in yi kwaɗayin tsawo, igiyar da ta wuce gaba uku tana shanye zaƙin sauti, ga tarko ga ƙafafun masu rawa. Ya ce in zan cire ta in kama kan, kada in fizgi jikin. In zan saka ta a gita in fara zura ta ta bayan maratayin gitar, don ko an taka ta, maratayin ya ɗauki nauyin, wuyanta ya tsira. Kada in bar ta a rana, kada in bar ta a ƙasa inda ɓera zai same ta, in goge kan da busasshen tsumma bayan kowane biki. Sannan ya ɗauko wata doguwar waya da ya ciro daga kayan wani tsohon silima, ya yanka mini, ya sa mata kawuna da hannunsa. Da na karɓa, hannuna da kansa ya kai ta gwiwar hannu zan naɗe. Sai ya buge mini hannu da bayan sukurdireba.

"Ba guga za ka ja ba. Kowane kewaye da ka yi ga gwiwa, murɗe mata hanji kake. Daga waje ba ka gani, ciki tana karyewa zare-zare. Riƙe ta sako-sako, zobe ɗaya ta gaba, zobe ɗaya ta baya, ka bar ta ta kwanta yadda take so."

Na koya, har ya zama mini kamar ibada. Lawali kuwa bai koya ba. Na nuna masa sau goma, ya ce to Yaya, in ya ga idona ya yi daidai, in na juya baya in tarar ya naɗe ta a gwiwar hannu ya ɗaure tsakiya, yana hira yana dariya, bai ma san ya yi ba. Hannun da ya taso a bakin rijiya ne. Shekara uku igiyar nan tana jurewa, sannan ta gaji, ta karye a ciki, daidai wuya, inda kai ya haɗu da jiki. Irin karayar nan mai ha'inci ce: in igiyar tana kwance lafiya sauti ya fito tas, in aka motsa ta ya ɗauke. Malam Sha'aibu ya yi mini sabuwa da ragowar wayar da ta saura masa, ya ce daga wannan babu wata. Tsohuwar kuma ya ce in kawo a yanke wuyan a sake liƙewa, aikin da bai fi shan shayi ɗaya ba. Na rataye ta a ƙusa na ce gobe, goben ba ta zo ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Lawali ya yi aure a Sarkin Hausa, surukansa suka ba shi gona a can, ya tare. Ya zo ya durƙusa ya nemi izinina zai haɗa nasa 'yan kiɗan. Na ce Allah ya ba da sa'a, bakina ya faɗa, zuciyata ba ta faɗa ba. Bayan girbi aka sa bikin ƙanen matarsa, surukan suka ce ai ba sai an ɗauko makaɗa daga nesa ba, ga nasu a gida. Wannan ne karo na farko da zai tsaya a gaban jama'a ba tare da ni ba, kuma a gaban surukai, waɗanda dama wasu cikinsu suna gunaguni an ba makaɗi 'ya. Ana gobe biki igiyarsa ta kasuwa ta fara tsaki. Ya hau moto, wato babur na haya, tun da hantsi, ya iso Tasawa da azahar, ƙura har gira. Innarmu a lokacin tana wurina, tana zaune a inuwar ɗaki tana tsince wake, mahaifiyarku Rabi tana daka. Ya gaida Inna, ya tsokani Rabi kamar yadda suka saba, ya sha ruwa, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, igiyarka ta kawo ni. Kwana ɗaya tak. Jibi da sahe ni da kaina zan maido ta."

Na ce, "Wadda za ka naɗe mini ga gwiwa kamar ta guga?"

Ya yi dariya. "Wallahi ba ni naɗe ta. In ka so, haka zan riƙo ta miƙe tun daga can har nan."

Na ce ba a ba da aronta. Rabi ta tsayar da taɓarya. Inna ba ta kiran sunana, ni ɗan fari ne, sai dai ta ce Babba. Ba ta ko ɗago kai daga faifan wake ba.

"Babba, mi na ji? Igiya ce hwa. Ubanku bai taɓa hana aron igiya ba, ko ga wanda ya kai shi ƙara."

"Inna, wagga ba irin waccan ba ce."

"Dut igiya igiya ce. Ƙanenka ne."

Da na tsaya a nan, na ce na hana, da rowa kawai za a kira ni da ita, kuma rowa tana wankuwa. Abin da na yi ya fi haka muni. Maganar Inna ta yi mini nauyi, ba na so in ba da sabuwar, ba na kuma so a ce na hana. Sai na shiga ɗaki na sauko da tsohuwar daga ƙusa. Na jona ta a ampili a tsakar gida, na tsaya cak yadda na saba, na danne wuyanta da gefen hannuna, na kaɗa. Sauti ya fito garau, har Rabi ta yi murmushi. Na san sarai abin da nake yi. Na san Lawali ba ya iya kiɗa a tsaye.

Ya karɓa, ya shafa ta tun daga kai har wuya, ya dube ni.

"Yaya, tana da kyau?"

"Tana da kyau," na ce.

Ya yi godiya, ya sa ta a jaka, ya ƙi tsayawa cin tuwo don hanya. Inna ta bi shi da addu'a har zaure. Da ya tafi Rabi ta zo ta tsaya a bakin ɗaki, ta yi ƙasa da murya don kada Inna ta ji.

"Malam, ba waccan ba ce ka ce ta karye?"

Na ce mata ta kula da dakanta. Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya, amma akwai wani kallo da takan yi mini duk lokacin da na zauna ina goge kan sabuwar igiyar, kuma na san fassararsa.

Labarin bikin a bakin wani direba na ji shi, yana ba da shi a tasha yana dariya, bai san ni ne yayan ba. An taru bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi, Lawali ya fara lafiya. Da kiɗa ya yi daɗi sai ya taka ya nufi inda surukarsa take zaune da ƙawayenta, yana ambaton sunan kakanninta. Sauti ya ɗauke. Ya koma ya taɓa, ya dawo, ya sake takawa, ya sake ɗaukewa. Sau uku. A na ukun ampili ya yi wata ƙara har yara suka toshe kunne, wani daga cikin dangin matar ya ce da ƙarfi, ashe abin ma bai iya ba. Aka aika aka kira masu kalangu suka ƙarasa bikin, shi kuwa yana tsaye a gefe da gita a wuya. Bayan kwana biyu wani mai moto ya kawo mini igiyar a cikin leda, ba saƙo, ba gaisuwa. An naɗe ta zobe ɗaya ta gaba, zobe ɗaya ta baya, daidai yadda na yi shekara uku ina koya masa. Kafin watan ya ƙare na ji ya sayar da gitarsa da ampili ya sayi jaki da amalanke.

Ba mu yi faɗa ba, ku sani. Da mun yi faɗa da manya sun shiga sun sasanta. Yana zuwa gaida Inna, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi aiki, ya tafi. Da Inna ta rasu muka zauna tabarma ɗaya kwana uku muna karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa, ban ji ɗumin jikinsa ba. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke. Ni kuma girman kai ya hana ni bin sa, ina ce wa kaina ai ni ne babba, shi ya kamata ya zo. Na ci gaba da kiɗa da wasu, amma mutane sun daina cewa 'ya'yan gida ɗaya sun zo, sai su ce ina ƙaramin? Sannu a hankali kiran ya ragu, zamani ma ya juya, yanzu yaro ɗaya da na'ura a jaka ya ishi biki. Igiyar da na hana kuwa ba ta taɓa ba ni kunya ba ko sau ɗaya, har na daina kiɗa tana aiki. Malam Sha'aibu bai yi ƙarya ba, igiya in an kula da ita tana daɗewa. Sai dai babu wanda ya gaya mini cewa za ta daɗe har ta wuce masu sauraro.

Bara, bayan arba'in ɗin mahaifiyarku, da kuka koma, na kwana bakwai ban yi magana da kowa ba sai a masallaci. A rana ta takwas na hau mota zuwa Mayahi, daga can na hau moto zuwa Sarkin Hausa. Na tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran ragamar jaki, gemu fari fat, ya fi ni tsufa a ido. Ya miƙe, ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya sa aka kawo fura. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta gona, ta gajiya, har ta ƙare ba abin da ya saura. Na dubi hannuwansa, sun yi kanta, yatsun nan da suke gudu a kan waya sun kumbura. Na ce a raina in ban faɗa yanzu ba, sai a lahira.

"Lawali, igiyar da na ba ka ranar nan. Na san ta karye. Ina sane na ba ka."

Ya murza ragamar a hannu, ya amsa.

"Na ji, Yaya. Tun tsakar gidanka da na shahwa wuyanta na ji ya yi laushi."

"To don mi ka tahi da ita?"

"Na biyo ta ƙohwar Malam Sha'aibu, har na sa mai moto ya rage gudu. Shina zaune, ƙarhen dalma na bisa wuta. Sai na ce, in na kai mishi, zai gane igiyar, zai tambaye ni wa ya ba ni. In ce yayana ya ba ni, ya ce tana da kyau, ni kuma na zo a duba? Sai na ce ma mai moto mu wuce."

Ya ajiye ragamar, ya gyara zama.

"Ban yarda da yatsuna ba, na yarda da kai. Dariyar da anka yi mini ta wuce tun da daɗewa, masu yin ta ma rabi sun mutu. Amma tun ran nan, in mutum ya ce mini abu na da kyau, sai na duba."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa, don Lawali ba ya ƙarya. Ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya, ya san sunayen 'ya'yanku duka, ban san wa yake gaya masa ba. Na so ya ce in kwana. Na zauna har inuwa ta juya ina jira, ina ƙara shan furar da ba na jin yunwarta. Da la'asar ta yi muka yi salla tare, sannan ya aika aka kira mini mai moto, ya raka ni har bakin hanya, ya sa mini damin zogale da kwalbar man shanu a jaka.

Da na hau, sai ya sunkuya ya kama igiyar da mai moton ya ɗaure jakata da ita. Mai moton ya ce, "Baba, ta ɗauru, na ɗaure ta da kyau." Lawali ya duba ɗaurin. Ya ja ƙullin da hannunsa, ya kwance, ya sake ɗaurewa, sannan ya ja da baya ya ce mu sauka lafiya.